Dattijon da Ya Yi wa Sola Rumfa

Wani dattijo ke tsaye ƙofar shagon Abdulbasit mai kayan sola a Tungan Maje, jar ƙasa har gwiwa. Da gani manomin doya ne, irin masu lulluɓe shuka da ciyawa kada rana ta ƙona iri. Ya jingine faifan solarsa a inuwa, shi yana tsakar rana.

"Ɗana, wayar wutar da na kewaye gona da ita ta daina ja. Shanu sun shiga."

"Baba, ina kake ajiye faifan?"

"Rumfa na yi masa."

Abdulbasit ya yi bayani har sau biyu cewa sai faifan ya sha rana yake ba da wuta. Dattijon na ta juya hularsa a hannu, yana duban faifan, yana duban sama.

"Abu mai tsada haka," in ji shi, "in bar wa rana?"