Ranar da Bari-ya-huce Bai Jira Ba

Yabo ya tabbata ga Allah, wanda Ya sanya ruwa ya zama sanyi ga mai rai da ƙarfe baki ɗaya, Ya raba sana'o'i tsakanin bayinSa gwargwadon hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, wannan labarin wani bakanike ne da aka fi sani da Bari-ya-huce.

Asalin laƙabin kuwa, shekara arba'in yana gyaran mota a wata rumfar kwano da ke jingine da katangar gidansa, ba a taɓa ganin ya sa hannu a inji mai zafi ba. Kome gaggawar direba, sai ya turo masa benci ya ce, "Bari ya huce." Har kan faɗan yara da fushin maƙwabta, amsarsa ke nan. Bai yi dukiya ba, amma tukunyarsa ba ta kwana a kife ba, ya aurar da 'ya'ya biyar da bakin sifana. Da girma ya kama shi ganinsa ya raunana, sai yatsunsa suka zama idanunsa.

Wata rana da azahar, rana na dukan tsakiyar ka, ƙanin matarsa, wanda direban a-kori-kura ne, ya gangaro ƙofar rumfar, tururi na tashi daga bonet. A bayan motar akwai kaji ɗari uku cikin akwatuna, na wata gona da ta ɗauke shi aiki a watan nan. Iskar tafiya ce ke riƙe da ransu. Mota na tsayawa suka hangame baki suna haki.

"Yaya, ka rufa mini asiri! Ruwa ya tsiyaye."

"Kai da ka ce gyarana na mutanen da ne?"

"Na tuba, na bi Allah na bi ka. In kajin nan suka mutu, ni ma an yanka ni."

Tsohon ya sunkuya ya kasa kunne, ya ji inda ruwa ke tsartuwa. Akwai wani ɗan siririn tiyo da ke kai ruwan zafi zuwa maƙogwaron inji, wato inda iska ke shiga idan an taka totur, wani kuma ya mayar da ruwan. Masu ƙera motar sun sa shi domin ƙasashen sanyi, kada ƙanƙara ta daskarar da wurin. To, bakin ƙarfen da tiyon ke kamawa ne tsatsa ta cinye, kuma ba a samun irinsa sai an yi tafiyar yini. Maganin a bayyane yake gare shi: a zare tiyon biyu, a haɗa bakinsu da guntun bututu, ruwa ya kewaye maƙogwaron ya wuce abinsa. Sai dai wurin yana can ƙasa a matse, ƙarfen kuma ba zai taɓu ba sai bayan sa'a guda. Kajin ba su da sa'a guda.

Direban ya dubi bencin, ya san abin da za a ce masa. Amma tsohon ya juya wajen ƙofar gida ya ɗaga murya: "Uwar yara! Duk ruwan da ke gidan nan a fito da shi."

Ta leƙo da bokiti. "Har na girkin?"

"Har na girkin."

"Wannan ƙanin nawa, tun yana goye yake jawo mini aiki."

Ta shiga yayyafa wa kajin ruwa da tsintsiya, maƙwabta suka shimfiɗa jiƙaƙƙun buhuna bisa akwatunan. Tsohon kuwa ya sassauta murfin lagireto da tsumma, sannu a hankali, har hucin ya fita. Ya naɗe hannunsa da jiƙaƙƙen ƙyalle, ya yi bisimilla, ya zura. Sau uku yana fizgo hannun yana tsoma shi a bokiti. A na huɗu ya zaro tiyon biyu, ya haɗa su, ya ɗaure da kilif, aka cika lagireto da sauran ruwan randa.

Inji ya tashi, ko ɗigo babu.

"Yaya, yau ba a bari ya huce ba?"

"Ƙarfe na iya jira, mai numfashi ba ya iyawa. Ka ji da kyau: wannan gyaran ba ya ƙara wa mota gudu, kada wani ya ruɗe ka. In kuma aka aike ka ƙasar duwatsu mai sanyi, ka dawo a mayar da shi yadda yake. Tafi, kana cinye musu iska da surutu."

Kaza huɗu suka mutu, sauran suka isa lafiya, direban ya zauna a aikinsa har ya yi furfura. Bayan hannun tsohon ya yi bororo, ya yi mako biyu yana alwala da taimakon matarsa, tana shafa masa magani tana yi masa tsiya cewa ashe shi ma yana da gaggawa. Yakan yi murmushi kawai. Da hannun ya warke ya koma rumfarsa, ya ƙara shekara shida kafin ajali ya riske shi.

Ya Allah, bawanKa ya tausaya wa raunanan halittunKa da fatar hannunsa. Ka tausaya masa, Ka gafarta kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haramta jikinsa ga wuta. Amin.