Ranar da Baba Ya Kai Ni Kwaleji

Wata Laraba ce, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah, a farkon shekarun alif ɗari tara da talatin, takardar ta iso gidanmu a Sabo. Ina tsugune a tsakar gida ina kankare wa Inna tandar waina, ƙanwata Ladi tana jera wainar a faifai za ta fita talla, sai muka ji sallamar Tica Raji daga zaure. Shi ne malaminmu na makarantar firamare da ke Mokola, Bayarabe ne Musulmi, gajere mai saurin tafiya, kuma bai taɓa tako ƙofarmu ba sai ranar. Na fito hannuna duk mai, na tarar da shi yana ta murmushi yana fifita da ambulan. Ya ce in kira mahaifina, na ci jarrabawa, an ba ni gurbi a kwalejin kwana da ke can bayan gari.

Mahaifina, Malam Audu, ɗan dako ne. Daga ƙasar Kano ya biyo shanu a ƙasa har Ibadan tun yana saurayi, lokacin da aka yanka wa Hausawa unguwar Sabo, bai kuma koma ba. Aikinsa ɗaukar huhun goro daga shagon Maigida Tanko zuwa tashar jirgin ƙasa. A tashar nan ya ga abin da ya sa ya kai ni boko, a lokacin da yaran unguwarmu da ke zuwa ba su cika yatsun hannu ba. Yakan ce, "Mu da muke ɗauke da kaya a tsaye muke, mai riƙe da alƙalami shi ke zaune a inuwa." Saboda haka da asuba ina gaban allo wurin malamin unguwarmu, da hantsi ina gaban Tica Raji, da la'asar in sake komawa allo. Abokaina suna wasan langa a bakin masallaci, suna yi mini kirarin ɗan boko, ni kuwa ina wucewa da jakar tsumma a rataye.

A cikin ambulan akwai takarda ta biyu mai jerin kayan da sabon ɗalibi zai zo da su. Tica Raji na karantawa, ina fassara wa Baba, Inna kuma tana laɓe bayan zana tana sauraro. Akwatin ƙarfe mai kwaɗo, riga da gajeren wando na kaki, bargo, matashi, bokiti, kwano da cokali da kofi, sabulu, tsintsiya, sai adda da fartanya. Da aka zo kan adda Baba ya sa a maimaita, ya yi dariya har ya riƙe gemu, ya ce shi da ya ba da yaro a koya masa zama a inuwa, ga shi tun ba a fara ba ana neman adda. Tica Raji ya bayyana masa cewa a can ɗalibai ke yanke ciyawar filinsu, su share ɗakunansu, su wanke kayansu. Ya ce ƙararrawa ce ke tashin mutum, ita ke kiransa cin abinci, ita ke kwantar da shi. Manyan ɗalibai za su aike ni, in je ba musu. Ba a magana sai da Turanci, kuma ba zan ga gida ba sai hutu. Inna ta aiko Ladi ta tambaya wa zai dafa mini. Da aka ce akwai kuku, namiji, sai muka ji ta yi salati a bayan zana.

Kafin magariba labari ya zaga Sabo. Wasu sun zo barka, wasu kuwa jaje suka zo yi a fakaice. Maigida Tanko, wanda a gidansa muke zaune kuma maganarsa ke da nauyi a unguwa, ya kira Baba zaurensa gaban dattawa. Ya ce firamare daban, don yaro a gida yake kwana, ana ganin sallarsa. Amma a ɗauki yaron da ya kai izu arba'in a damƙa wa Nasara dare da rana, to a shirya karɓar wanda zai dawo da malafa yana fitsari a tsaye. Baba ba mai jayayya ba ne, balle da maigidansa. Ya saurara har aka gama, sannan ya ce shi da kansa zai kai ni, zai duba wurin da idonsa. In babu inda zan yi salla, da ni da akwatin a ranar za mu dawo. Ina raɓe a ƙofar zauren na ji wannan, na kuma san Baba ba ya faɗin magana ya janye.

Duk da haka aka shiga shiri, kuma gidan gaba ɗaya ya sa hannu. Matan gidanmu ba sa fita, amma babu abin da ke gagararsu daga cikin ɗaki. Goggo Hansai mai ƙuli-ƙuli ta cika mini gwangwani, Inna ta daka yaji da dakuwa, ta kuma bi kowace riga ta ɗinka mata jan zare a wuya don kada ta ɓace a wurin shanya. An sayo akwati a kasuwar Dugbe, baƙi mai jan fure, wani mai fenti a Mokola ya rubuta sunana a kai. Wandon ne ya zama abin labari. Malam Iro tela ya auna ni, ya dubi tsawon da takarda ta ce, ya girgiza kai ya ce shi ba zai ɗinka wa mai karatun Alƙur'ani abin da zai bar gwiwarsa a waje ba. Ya ƙara taƙi guda daga aljihunsa, wando ya sauko har ƙwauri. Ranar jajibirin tafiya na bi abokaina rafin Ogunpa muka yi wankan ban kwana, muka buga ƙwallon tsumma har ta warware. Babban abokina Sule ya ba ni gare-garensa ya ce in tafi da shi, na ce ba ya cikin takarda.

Ranar tafiya, bayan an karya, Inna ta dafa kaina ta yi addu'a ba ta dube ni ba, ta koma wurin tandarta wadda babu komai a kai. Baba ya naɗe gammonsa, ya ɗora akwatin, ya kife bokiti a samansa, ni kuma na riƙe adda da fartanya da tsintsiya. Muka ratsa Mokola, muka gangara Dugbe inda abokan aikinsa suka yi ta ɗaga masa hannu suna tambayar ina za a kai wannan kaya, yana amsa musu da cewa yau kayan gida ne. Daga nan muka bi gefen layin dogo, gidaje suka ƙare, muka shiga gonakin koko da rogo. Tafiya ce mai nisa, amma bai sauke ko sau ɗaya ba, ni da ba na ɗauke da komai ni na riƙa sassarfa don in cim masa.

Ban taɓa ganin fili mai faɗin na makarantar nan ba. Ciyawa a kwance kamar an shimfiɗa, dogayen gine-gine masu rufin kwano, motocin 'yan kasuwar koko suna sauke 'ya'yansu, iyaye mata da manyan ɗaurin kai suna ta ba da umarni. Muna isa ƙofar ɗakin kwana wani dogon ɗalibi mai littafi a hannu, wanda daga baya na san firifet ne, cikin shugabannin ɗalibai, mai suna Bayo, ya dubi Baba ya ce masa da Yarabanci, "Alaru, ajiye nan, ka je ka ɗauko wancan." Ya nuna wani akwati da aka bari a bakin hanya. Alaru shi ne ɗan dako a bakinsu. Na dubi Baba, rigarsa ta jiƙe sharkaf, ƙafarsa duk jar ƙasa, na dubi iyayen wasu da takalma masu ƙyalli. Ba zan ɓoye ba, na yi shiru na ɗan lokaci, kuma har yau ina jin nauyin shirun nan. Sannan na tattara ɗan Turancina na ce, "Mahaifina ne."

Bayo ya saki littafin, ya zube ƙasa rub-da-ciki gaban Baba yadda Yarabawa ke gaida manya, farar rigarsa a cikin ƙasa, yana ta ba da haƙuri. Baba ya sauke akwatin, ya ɗago shi yana dariya, ya ce masa da Yarabancinsa na tasha, "Tashi ɗana, ai ba ka yi ƙarya ba, alaru ne ni." Kafin a hana shi ya je ya ɗauko ɗaya akwatin ma ya ajiye, ya ce yaron da ke da shi ƙarami ne, ba zai iya ba. Daga ranar Bayo ya ɗauke ni kamar ƙanensa, ya ba ni gado kusa da nasa.

Saura babbar magana. Baba ya ce sai ya ga shugaban makaranta, Bayo ya yi mana jagora. Bature ne dogo mai jar fuska, yana tsaye a baranda. Ban taɓa magana da Bature ba, ga shi ni ne tafinta. Baba ya gaishe shi, ya ce, "Gaya masa na kawo masa yaro mai salla, mai salla nake so ya mayar mini." Na fassara yadda na iya. Baturen ya ce masallaci kam babu, amma akwai ɗalibai Musulmi 'yan kaɗan da ke salla a bayan shagon kafinta, kuma ba wanda ke hana su. Na ji sanyi, na ɗauka an gama. Baba ya ce a nuna masa wurin. Muka zaga muka tarar da ɗan fili a gindin mangwaro, an kewaye shi da duwatsu, an share tas, ga gwangwanin alwala a rataye a reshe. Baba ya tsaya ya dubi rana, ya dubi inda aka sa alƙibla, ya matsar da dutse biyu kaɗan zuwa hagu. Azahar ta yi, yara uku suka zo, ɗaya ɗan Ilori, biyu 'yan Iwo. Ganin dattijo sai suka tura shi gaba, ya ja mu salla. Da ya sallame ya juyo ya ce mini, "Zauna. In an aike ka ka je, abin da ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba." Ya karkaɗe gammonsa ya kama hanya, ina kallonsa har ya shige cikin koko.

Makon farko na sha wuya, na kuma sha dariya. Wandon Malam Iro ya jawo mini sunan Baba Sabo, sunan da ya bi ni har na gama. Ƙararrawar asuba ba ta dame ni ba, don na saba da tashin allo, amma adda ta fasa mini hannu har ba na iya riƙe alƙalami, sai da Bayo ya koya mini wasa ta a dutse da yadda ake sakin kafaɗa. Sau biyu aka kama ni ina Yarabanci aka sa ni cika randar kicin. Hausa kuwa ba wanda zan yi da shi, sai in zaga gindin mangwaro in yi da kaina. A aji na tarar ana lissafi da haruffa, na ɗaga hannu na ce ban sani ba, aji ya fashe da dariya, malamin ya ce ni kaɗai na faɗi gaskiya, ya sake farowa daga tushe. Teba da waken kuku ba su da ɗanɗano, amma yajin Inna ya gyara su, ya kuma tara mini abokai, har 'ya'yan masu mota suna miƙo kwano a barbaɗa musu. Na fara buga ƙwallon fata, na koyi goge riga da dutsen guga na gawayi, na koyi kewar gida ba tare da kowa ya gani ba.

Da aka yi hutu na dawo Sabo, Maigida Tanko ya sa aka kira ni zaure. Bai tambaye ni komai na boko ba, ya ce in ja masa daga inda na tsaya a allo. Na ja, ya saurara ido a rufe, ya gyara mini wuri ɗaya, ya ce madalla. Bayan shekara biyu ɗansa na uku ya bi ni kwalejin, ni na karɓe shi a ƙofa.

Yanzu Sabo ta cika ta batse, zanar gidanmu ta zama bulo, gonakin kokon da muka ratsa duk sun zama unguwanni. Da safe nakan zauna a ƙofa in ga 'ya'yan unguwa maza da mata cikin kayan makaranta suna Hausa suna Yarabanci suna Turanci a numfashi guda, ba wanda ke yi musu kirari, ba wanda ke kiran ubansu zaure. Bara aka kai jikata makarantar kwana, mota suka shiga a tashar Ojoo, kafin la'asar ubanta ya dawo. Amma da za ta fita na ga yadda ta tsaya a soro tana waiwayen tsakar gida, uwarta kuma ta sunkuya tana wanke kwanon da yake a wanke. Na so a ce Baba da Inna suna raye su ga wannan safiya. Nisan hanya ne kawai ya ragu, kewar gida tana nan yadda na san ta.