Ranar da Na Ɗauke Kaskon Kaka

Ban taɓa ɗaga wa Kaka Yagana murya ba, Allah shaida ne. Ban taɓa barin ta da yunwa ba, ban taɓa barin maganinta ya yanke ba. Amma akwai abin da na yi mata da hannuna, cikin ladabi ma kuwa, har da rusunawa. Kaskon wutarta na ɗauke saboda talabijin.

A Yerwa ta raine ni. Mahaifina Bakano ne, atamfa yake sayarwa a Kasuwar Litinin, ita kuwa Kaka ita ta haifi mahaifiyata, Babarbariya ce ta ainihi, Hausarta ma ba ta rabu da gishirin Barbarci ba. Wurinta aka kai ni yaye, daga nan ta ce ta yi miji, ba mai raba ta da ni. Haka na zauna.

Da an idar da sallar magariba za ta fito da kaskonta gindin dalbejiyar tsakar gida, ta zuba garwashi, ta binne gyaɗa a cikin toka. Mu yaran gida mu kewaye ta, kowa idonsa a kan gyaɗar. Ba ta fara tatsuniya kai tsaye. Sai ta gyara zama ta ce, "Na zo da baƙuwa, wa zai buɗe mata?" Dole sai an amsa, "Mun buɗe, ta shigo." In ba a amsa ba, ko da kowa ya shagala ne da ɓare gyaɗa, to shi ke nan, ta kulle bakinta sai gobe. Ta ce tatsuniya mace ce mai kunya, ba ta shiga gidan da ba a amsa sallamarta ba. In kuma an gama, sai ta ɗebo turaren wuta ta barbaɗa a garwashin, hayaƙin ya tashi, mu san lokacin lisha ya yi. Har yanzu in na ji wannan ƙamshin a jikin wata tsohuwa a keke, sai in waiga.

Akwai wadda ta fi maimaita mana. Wai a wani gari a bakin tafki an yi wata tsohuwa da wutarta ba ta mutuwa. Kullum da safe matan gari su zo da tsingaro su ɗebi garwashi, a gaisa, a tambayi kwanan yara, kowa ta tafi ta hura murhunta. Ana nan sai wani falke ya kawo ƙyastu, ƙarfen nan da ake gogawa a dutse wuta ta kama auduga. Kowane gida ya saya. Ba wanda ya yi faɗa da tsohuwa, ba wanda ya zage ta, ƙafa ce kawai ta ɗauke. Ita kuwa ba ta fasa ba. Da yamma ta rufe wutarta da toka, da safe ta tone, ta share ƙofar gida, ta zauna. Wata shekara aka yi ruwa kwana da kwanaki, audugar kowa ta jiƙe, gari ya rasa wuta. Aka ruga gidan tsohuwa. Aka tarar da ƙofa a buɗe, wuri a share, wuta da ranta a ƙarƙashin toka, amma mai gida ba ta nan. Suka ɗebi wutar, suka dafa, suka ci. Sai da suka ƙoshi wata ta ce, "Af, ina tsohuwar ma take?"

Mu ma sai mu tambaya, "Kaka, ina ta je?"

Ta ce, "Oho. Ni ma ban leƙa ba."

Wata rana ta tambaye ni abin da na fahimta. Na ce a riƙa ɓoye auduga inda ruwa ba zai taɓa ba. Ta yi dariya har da tari, ta ce, "Kai, wannan miji nawa! Ɗan kasuwa ne kamar ubansa."

Na girma, na gaji rumfar mahaifina, na auri Falmata, muka haifi mata biyu, Ummi da Amira. Da na gama ɗan ginina a unguwar Bolori, ni da kaina na shiga tsohon garin Yerwa na ɗauko Kaka. Kawunnaina suka ce in bar ta inda ta saba, na buga ƙirji na ce a wurina za ta fi hutawa. A lokacin tsufa ya fara taɓa ta. Ta ajiye carbi ta manta, ta tambaye ka abu sau biyu, wani lokaci ta kira Falmata da sunan mahaifiyata. Amma in ta zauna a baranda da kaskonta, 'ya'yana a gabanta, ko kalma ɗaya ba ta kuɓuce mata. Tun la'asar za ka ji tana gunaguni ita kaɗai, tana bitar wadda za ta bayar. Falmata ce ta fara lura. Ta ce mini, "Baban Ummi, ka ga duk ranar da ta yi musu tatsuniya, washegari garau take tashi? Abin nan shi ke riƙe da ita." Na ce haka ne. Na ji da kunnena, ba zan ce ban sani ba.

Sai na sayo talabijin ɗin nan mai shiga intanet. Maƙwabcina ya saya, 'ya'yana sun fara leƙe ta tagarsa, ni kuwa ba na son a ce 'ya'yana na leƙen gidan wani. Muna da sola, muna da ɗan akwatin wayifai da muke haɗa wayoyinmu da shi. Matsalarsa ɗaya, ba ya kama sabis sai a kan tagar baranda. Mai shagon ya gaya mini in falo ya yi nisa, in dawo in karɓi doguwar waya a ja daga akwatin zuwa bayan talabijin, magana ta ƙare. Na ce to, na fice.

Ranar Juma'a ce, bayan la'asar. Na ɗora shi a falo, na kunna, na shiga wurin saiti, na nemi inda ake haɗa wayifai. Sunayen na maƙwabta suka jeru, namu yana can ƙasa da sanda ɗaya tak, ya fito ya ɓace. Na matsa da tebur, na buɗe ƙofa, na ɗaga labule, a banza. Bangon da na yi ta alfahari da kaurinsa shi ya tare. Da na yi haƙuri zuwa safiya na karɓo wayar nan, da duk wannan bai faru ba. Amma yara na tsalle a kaina, ni ma ɗoki na cina. Na rungumi talabijin na fito baranda, sai ga sanduna sun cika. Na ce alhamdu lillahi, nan ne wurinsa.

Wurin kuwa na Kaka ne. Kafin in gama jan tebur da jona wuta an kira magariba, muna idarwa ta fito a hankali da kaskonta, ta zauna a tabarmarta daidai ƙarƙashin allon. Ta dube shi ta yi masa sannu da Barbarci, ta ce, "Wushe, wushe. Kishiya ka yi mini, mai gida?" Aka yi dariya. Ni hankalina yana kan hayaƙin da ke tashi yana lasar sabon gilashi. Na rusuna na ce, "Kaka, bari in ɗan matsar miki da wutar nan, hayaƙi yana lalata shi." Ban jira amsarta ba. Na naɗe hannu da tsumma, na ɗauke kaskon na kai bayan kicin.

Saura lambar sirri. Wanda bai taɓa rubuta ta da rimot ba bai san wahala ba. Harafi ɗaya sai ka yi tafiya hagu da dama kafin ka kai gare shi, ga manya ga ƙanana, ga lambobi. Na rubuta, ya ce ba daidai ba. Na sake, ya ƙi. Gumi ya karyo mini. Ina cikin ta uku, na kai tsakiya, sai na ji muryarta a bayana, ba wuta ba gyaɗa, amma ta daure.

"Na zo da baƙuwa, wa zai buɗe mata?"

Amira ta buɗe baki za ta amsa. Ni ne na ɗaga hannu, ko waiwayowa ban yi ba. Na ce, "Don Allah ku ɗan yi shiru, kada ku sa in sake kuskure. Kaka, minti ɗaya."

Aka yi shiru. Na danna harafin ƙarshe, wani ɗan zobe ya juya a allon, ya nuna ya haɗu. Yara suka yi ihu, na yi ihu tare da su, kamar na ci yaƙi. 'Yan tsana suka fito suna rawa da waƙa. Ban san lokacin da Kaka ta naɗe tabarmarta ta shiga ɗaki ba.

Washegari ba ta fito da kasko ba, ta ce ƙafarta ce. Jibi ma haka. Na ce a raina fushi ne irin na tsofaffi, zai wuce. Falmata ta tuna mini da doguwar wayar ya fi sau biyar. Kullum sai in ce gobe, kuma shagon yana kan hanyata ta zuwa kasuwa, wallahi ko kwana ba sai na yi ba. Gaskiyar magana, na ji daɗin zaman. In dawo a gajiye in tarar yara sun natsu, ni ma in kalli ƙwallo. Da safe in leƙa ɗakinta daga bakin ƙofa in ce, "Kaka, an tashi lafiya?" in wuce kafin ta gama amsawa. Gunagunin la'asar ya tsaya. Damina ta shiga ta fita.

Da nake yaro na ɗauka mutanen garin nan na bakin tafki mugaye ne. Yanzu na san ba mugaye ba ne, shi ne abin tsoron. Ba su kori kowa ba, sauƙi suka samu suka karɓa, kuma ƙyastu ba shi da laifi. Ni ma ba na ɗora wa talabijin laifi, abu ne mai amfani, Ummi har karatu take bi a cikinsa. Likita ya ce mantuwar Kaka ta shekaru ce, ko me aka yi za ta zo. Na gode masa. Amma shi bai ga yadda ta sauko da gudu a watannin nan ba, kuma ba shi ne ya ɗaga hannu ba. Da-na-sani ƙeya ce, kullum a baya take.

Abin da ya farkar da ni, wata safiya na shiga da kokonta, ta dube ni ta ja mayafi ta rufe kai, kamar yadda take yi wa baƙon namiji. A ranar na rufe rumfa da wuri. Na karɓo wayar, na mayar da talabijin falo, aikin bai kai rabin sa'a ba. Na share baranda, na shimfiɗa tabarma, na hura garwashi da kaina, na zauna da yaran. Falmata ta riƙo hannunta ta fito da ita.

Ta daɗe tana kallon wutar, tana shafa gefen kaskon. Ummi ta ce, "Kaka, yi mana ta kura da tulun man shanu." Fuskarta ta ɗan washe. Ta fara. Kura ta shiga rumbu, ta tarar da tulu, ta zura kai. Sai ta tsaya. Ta koma farko, ta zo wurin, ta sake tsayawa. Ta dubi yaran, ta dubi hannunta, leɓenta na motsi babu abin da ke fitowa. Na ga kunya a idonta, irin wadda ban taɓa gani ba.

Sai na karɓa. Na ce kan kura ya maƙale, ta fito tana karo da bango, awaki suka taru suna yi mata gaisuwar sarauta saboda sabuwar hula. Na kai ta har ƙarshe, da muryoyin da duk wani lanƙwasa yadda na ji a Yerwa. Yara suka yi dariya. Ita ma ta yi, har da tafa hannu.

Da ta lafa, ta matso ta dube ni da kyau. Ta ce, "Bawan Allah, ka iya labari. Wa ya koya maka?"

Na ce, "Kakata ce."

"Tana da rai?"

Na ce tana nan.

Ta gyaɗa kai, ta miƙa tafin hannunta ga wutar. Ta ce, "To ka riƙa zama da ita, ka ji? Tsofaffi ba sa faɗa, amma suna jira."