Mai Gora, Wadda Ta Hana a Shanye Tafki

Kafin rana ta yi zafi Mai Gora ta riga ta shiga gandun daji, takalmin roba har gwiwa, doguwar gora a kafaɗa. Da gorar take auna zurfin tafki, ita ta ja mata sunan. Ta duba sawun dabbobi a laka, ta murza ciyawa a tafin hannu, ta ɗebi ruwa a kwalba. Abin da ta gani shi take kai wa ofis, da shi ake yanke inda za a rufe da inda baƙi za su shiga. Shekara da shekaru haka, ba wanda ya taɓa tafa mata.

Wani rani sai ta ga babban tafkin yana janyewa fiye da ƙima. Dorinai sun cunkushe a tsakiya, bayansu na tsagewa a rana. Ta bi gaɓa har ta tarar da tiyo cikin ciyawa da sawun tankar ruwa. Mai tankar kuwa autansu ne, uwa ɗaya uba ɗaya, yana sayar wa masu gini.

Ya same ta a tsakar gida tana wanke takalmi.

"Haba Yaya, ki rufa min asiri. Ruwa ne fa, damina za ta mayar."

"Dorina za ta jira damina ne? Ka cire tiyon, Auta."

"In na ƙi, ni za ki kai ƙara?"

"Ko Baba ne ya dawo duniya ya sa tiyon nan, sai na faɗa."

Ta kuwa faɗa. Shugaban gandun, wanda ashe da saninsa, ya ce ta rubuta zafi ne ya ƙafar da ruwan. Direban ofis yana wurin, shi ya ba mu labari, mu abokan aikinta. Ta ajiye biro ta ce, "Ranka ya daɗe, zafi ba shi da taya."

Aka mayar da ita bakin ƙofa tana yagar tikiti. Innarsu ta daina amsa gaisuwarta. Abin ya ci mata rai, har ta rame, amma duk ranar hutunta sai ta shiga ta auna tafkin, ta aika wa hedikwata sakamakon, har masu bincike suka zo. Tanka ta tsaya, aka ɗauke shugaban. Ɗan dorina guda ya mutu kafin ruwan sama, sauran suka tsira. Inna ta sauko daga baya. Auta har yau bai taka gidanta ba.

Mai Gora, ke ce gagara-lallashi. Ke ce aka tsare da jini aka tsare da muƙami, kika ƙi sa hannu a kan ƙarya. Yau da kike ajiye aiki, mun gode, Allah Ya saka miki da alheri.

Ku kuma da kuka gaji aikinta, za a zo muku da murmushi, za a zo da barazana. Ku rubuta abin da idonku ya gani, wanda zai yi fushi ya yi.