Ranar da na kayar da Kawu a dusar katako

Shekaru masu yawa da suka wuce, tun Turawa ba su tafi ba, mahaifiyata ta sa ni a jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Kaduna wurin ƙanenta don in koyi sana'a. Ban wuce sha shida ko sha bakwai ba a lokacin. Kawuna akawu ne a wani ofishin gwamnati, yana zaune a Tudun Wada, kuma mutum ne da ba ya ɗaukar raini ko kaɗan. Ko a cikin gida, sai ka durƙusa ka gama gaishe shi tsaf kafin ya ɗago ya dube ka. Shi ya samo mini gurbi a wani wurin aikin katako inda ake yi wa ofisoshi tebura da kujeru.

Ranar farko Inna, matar Kawu, ta fito mini da rigata ta sallah, an wanke an buge. Na saka, na karkata hula, na tafi ina ji kamar ni aka naɗa manajan wurin.

Doguwar rumfar kwano ce. Kafintoci na aiki a bakin ƙofa, can ƙurya kuma akwai injin zarto, wanda wani dogon bel ke juya shi. Bel ɗin a buɗe yake, yana gudu ta gefen bango daidai ƙugun mutum. Ƙarar wurin kuwa, sai ka kai bakinka kunnen mutum kafin ya ji ka.

Helma, wato shugaban ma'aikatan, tsohon soja ne, Hausarsa ta bariki, maganarsa gajera. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Cire riga."

Na ce, "Na'am?"

"Cire riga. Cire hula. Ba riga a nan."

Na tsaya ina tunanin ko zargina yake na ɓoye wani abu a aljihu. Har na fara zazzage aljihun in nuna masa ba komai. Bai ko kalla ba, ya miƙo mini wata taguwar kaki da gajeren wando. Ni da tun da na yi wayo ba wanda ya ga gwiwata a waje, sai ga ni tsaye a gaban manya kamar ɗan firamare. Ya nuna injin da yatsa ya ƙara da cewa, "Can, ba gaisuwa." Ya ba ni tsintsiya ya yi gaba. Iyakar bayanin da aka yi mini ke nan.

Na ɗauka ban ji daidai ba ne saboda ƙara. Ina aka taɓa hana gaisuwa? Mai tsayawa a kan zarton kuma dattijo ne mai furfura, ya kusa haifar mahaifina. Washegari da safe na je gefensa na durƙusa na ce, "Baba, ina kwana?" Bai juyo ba. Na ɗaga murya na sake. Idonsa na kan katakon da yake turawa, kamar ba a halicce ni ba. Na ce to bari in taɓa shi ya san da ni. Ban kai ga miƙa hannu ba na ji an cafki wuyan taguwata ta baya, aka ja ni ƙiiii har bakin ƙofa. Helma ne. Ya girgiza ni ya ce, "Kana so ka kashe mutum?"

Wane mutum? Da me? Da ina kwana?

Abin da ya ƙara ruɗa ni, da aka kashe inji don cin abincin rana, dattijon nan da kansa ya kira ni. Ya tambayi sunana, ya tambayi unguwarmu a Zariya, ya gutsuro mini dafaffen rogo, har yana ce mini ɗana. Da aka tayar da inji kuma ya koma bai san ni ba. Haka kullum. Na rasa gane ko mutumin kirki ne ko mai girman kai, ko kuwa mutum biyu ne a jiki ɗaya.

Akwai wani Basakkwace da ya riga ni fara koyon aikin da shekara guda, mun saba, ya zama abokina. Shi na tambaya. Ya dube ni fuskarsa ba alamar wasa ya ce, "Kai ba ka sani ba? Injin ga ba shi son gaisuwa. Kuma shina son riga, in ya ga babba sai ya amshe."

Ni kuwa na haɗa wannan da wancan na samu amsa: akwai aljani a cikin injin. Shi ya sa dattijo ke yin gum in yana kusa da shi, shi ya sa aka raba mu da riguna. Komai ya zauna daidai a kaina. Daga ranar in zan wuce ta wurin sai na yi a'uziyya, na kame bakina, na manne da ɗaya bangon. Helma ya fara yaba mini, yana cewa yaron nan ya koyi doka da wuri. Ni kuma ina mamakin yadda zai kira tsoron aljani doka. Abokina ya ga duk abin da nake yi, bai taɓa warware mini ba. Daga baya ya ce wai bai zaci na yarda ba.

Na yi kamar wata biyu a haka. Wata Asabar, an tashi ofis da rana, Kawu ya biyo don ya ga yadda nake. Daga nan ɗaurin aure zai wuce, saboda haka babbar rigarsa fara ce a jikinsa, mai aiki har ciki. Helma na can baya wurin da ake sauke katako. Ni ina shara a tsakiyar rumfa.

Na ga bakin Kawu ya motsa a ƙofa, na san sallama ya yi, ƙara ta haɗiye ta. Ya duba ya ga wanda ya fi kowa furfura, ya ɗauka shi ne babba a wurin, ya nufe shi kai tsaye. Kuma ta gefen bango ya bi, ta inda bel yake. Ya ɗaga hannun rigarsa ya aza a kafaɗa, ta zame ta sauko, tana lilo. Dattijo na tsakiyar tsaga wani dogon katako, ya ba shi baya. Kawu ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa.

Ban san lokacin da na yar da tsintsiya ba. Na kira shi, bai ji ba. Na kama rigar ta baya da hannu biyu na fizgo da duk ƙarfina. Kawu ya yi baya-baya ya zauna daɓas a cikin tarin dusar katako, hularsa ta gangara ƙarƙashin benci.

Dattijo bai ko waiwaya ba sai da ya kai katakon ƙarshe. Sannan ya sa aka kashe inji. Wurin ya yi tsit, kowa na kallon Kawu a ƙasa, dusa har a gemunsa. Ya tashi a hankali, bai kaɗe jikinsa ba, ya dube ni ya ce, "Ni ka kayar?"

Na durƙusa. Helma ya iso, aka gaya masa abin da ya faru. Ya dafa kaina ya ce, "Yaro ya yi kyau. Gaya wa babanka me ya sa ka ja shi."

Na ce, "Kawu, aljanin injin ne ba ya son gaisuwa. Kuma yana karɓe riga."

Kafintoci suka fashe da dariya, abokina har da riƙe ciki. Helma ya cire hannunsa daga kaina yana dubana kamar yau ya fara ganina. Kawu kuwa bai yi dariya ba. Ya ce, "Na kawo ka koyon sana'a, ka koyo hauka da rashin kunya. Gobe za ka koma wurin uwarka."

Dattijon ne ya ce, "Malam, dakata kaɗan." Ya sa aka sake tayar da inji, ya ɗauki wani tsohon buhu ya riƙe shi da yatsa biyu, ya bar gefensa ya taɓa bel. Ban ga tafiyar buhun ba. Sai dai na ji fat, na gan shi ya naɗe a jikin ƙarfe ya yage gida biyu. Aka kashe. Sannan ya buɗe hannunsa na hagu a gaban Kawu. Yatsu uku ne a jiki. Wata biyu ina cin rogo tare da mutumin nan ban taɓa lura ba.

Ya ce, "Yayana ne ya zo daga ƙauye ya kira sunana, na waiwaya in amsa. " Ya juyo wurina ya ce, "Ba aljani a ciki, ɗana. Ƙarfe ne kawai, bai san babba ba, bai san yaro ba."

Kawu ya daɗe yana kallon buhun. Wani ya miƙo masa hularsa, ya karɓa ya saka, ya yi wa dattijo godiya a taƙaice, ya hau kekensa ya tafi.

Na koma gida ban san matsayina ba. A wurin aiki an ce na yi abin kirki, amma an yi mini dariya. A gida kuma na gaishe da Kawu bai amsa ba. Gobe ta zo ba a kai ni tasha ba, ba a kuma ce na zauna ba. Na ɗaure kayana na ajiye a bayan ƙofa, kullum in tafi aiki in dawo in tarar da su a nan. A rana ta uku Inna ta ce, "Je ka ba shi haƙuri."

Na ce, "Inna, haƙurin me zan ce? Na jan da na yi, ko na maganar aljani?"

Ta ce, "Kai dai je ka ba shi."

Na same shi a zaure bayan la'asar yana goge kekensa. Na durƙusa na ce, "Kawu, a yi haƙuri." Ya ci gaba da gugar har na zaci bai ji ba. Can ya ce, "Ka yi daidai. Amma kada ka sake." Ya ce in je in kwance kayana.

Na fita ina juya maganar. In daidai na yi, don me ba zan sake ba? In kuma ya sake nufar bel, in bar shi? Ban tambaya ba, shi ma bai ƙara tayar da zancen ba har ya bar duniya. Sai dai bayan nan ya zo wurin aikinmu sau da dama, kuma ko yaushe a bakin ƙofa yake tsayawa, ya tattare rigarsa a hammata, ya jira har a kashe inji.

Ni ma daga baya na buɗe nawa wurin, yara da yawa sun koyi aiki a hannuna. Duk wanda ya zo, ranar farko ba na ba shi tsintsiya sai na zaunar da shi a inda ba ƙara, na gaya masa abin da ba a yi, na kuma gaya masa dalili, sannan in ce ya maimaita mini dalilin da bakinsa. Wasu kan ga kamar na cika surutu. Ni dai na san yaron da aka ba doka ba a ba shi dalili ba zai ƙirƙiro nasa, kuma ba kowa ne zai yi sa'a irin tawa ba, da shirmena ya faɗo daidai da gaskiya. Na yi shekara arba'in da wani abu a gaban zarto, yatsuna goma suna nan, alhamdulillahi. Amma har yau in na tuna Kawu zaune a cikin dusar nan, kunya ce take fara kama ni kafin komai.