Rifkatu da 'Ya'yan Zabuwa

Wata biyar ke nan da rasuwar maigidana, kuma har yanzu idan magariba ta yi sai hawaye su zo mini ba sallama. Jikata Hauwa ce ta ce in faɗi wani abu mai daɗi ta rubuta, ko zuciyata ta yi sanyi. Na duba, ban ga abin da ya kai hirar kakarmu Ige daɗi ba, a tsohon gidanmu na nan Illela.

Da an ci tuwo, Kaka takan ja tabarma kusa da murhu ta tura gyaɗa cikin toka. Mu yaran unguwa mu kewaye ta, kowa na gadin tasa. A cikinmu akwai Rifkatu, 'yar malamin asibitin da aka kawo daga Zuru. Kiristoci ne, katangarmu ɗaya. Doguwa ce, ga baki ga sauri, duk inda za mu ita ce a gaba.

Wata ranar kasuwa aka aike mu kai wa Baba fura a rumfarsa, Rifkatu na gaba, mu biyar muna bin ta da gudu. Sai da muka isa aka ga babu ƙanwata Tumba mai shekara huɗu. Har la'asar ana nema, kafin wani mai jaki ya tsinto ta a hanyar Konni. Baba ya ce kada ya ƙara ganin Rifkatu a gidanmu, kada kuma a sake ba ta yaro.

Kwana uku ba ta zo ba. A na huɗu Kaka ta leƙa ta kan katanga.

"Ke 'yar Zuru, mi kika yi nan kamar mai takaba? Taho, gyaɗarki na ƙonewa."

Baba na zaure yana ji, amma wa zai hana uwarsa baƙuwa? Rifkatu ta shigo ta rakuɓe can nesa da wuta.

Kaka ta ce mu buɗe kunne, ga wata tatsuniya ta zo. Wai a da zabuwa ita ke renon 'ya'yanta. Wata safiya ta ji labarin gero ya zube a wata gona, ta ce su biyo ta. Ta kutsa cikin ciyawa mai raɓa, wuya a miƙe, ba ta waiwaya ba ko sau ɗaya. Ta isa, ga gero jibge, ta juya ta kira 'ya'ya, babu ko guda. Kaza ce ta biyo baya tana tafe tana tono tana tsayawa, ta tsince su ɗaya bayan ɗaya, jiƙaƙƙu, ta sa su ƙarƙashin fiffike. Tun daga ranar mutane ke ɗauke ƙwan zabuwa su sa wa kaza.

"To zabuwar fa, Kaka?" in ji Rifkatu.

"Tana nan tana kuka bisa itace. Ba a sake ba ta dama ba." Kaka ta ɗaga murya yadda za ta kai zaure. "Amma ni ba haka nike ba. Gobe Rifkatu za ta kai yara kasuwa."

Baba ya taso. "Inna, ita fa ta ɓatar da Tumba!"

"Shi ya sa. Duk garin ga babu wadda za ta waiwaya kamarta."

Washegari Rifkatu ta sa mu a gaba, ita tana baya riƙe da hannun Tumba. Kowace kwana sai ta tsayar da mu ta kira sunayenmu. Kafin mu isa fura ta yi tsami. Baba ya kurɓa, ya ɓata fuska, sannan ya fashe da dariya ya ce ta zauna ta sha ruwa.

Ni aka yi mini aure ban shiga aji ba. Ita ta yi ta karatu har ta zama malama a jami'a, aka ba ta kula da ɗalibai mata. Shekaru masu yawa kuma ita ce shugabar matasa a cocinsu. An ce idan ta kwashe su zuwa taro, ita ce ta ƙarshen shiga mota. Allah bai ba ta haihuwa ba, amma da ta zo mini gaisuwar rasuwar maigidana, mota biyu suka rako ta, duk suna ce mata Mama. Hauwa ma a gidanta ta zauna lokacin karatu, kuma Rifkatu ce ke buga mata ƙofa ta tashi sallar asuba.

Da ina tsammanin tatsuniyar ta yi wannan aikin. Yanzu da na tsufa na gane tatsuniya ta sa ta kuka ne kawai. Abin da ya gyara ta shi ne hannun Tumba da aka sake danƙa mata tun kunyarta ba ta huce ba. Da Kaka ta bi ta Baba, da ɗaruruwan 'ya'yan mutane sun rasa uwa, ni kuma da na rasa wadda ta zauna kusa da ni kwana bakwai tana sa ni dariya a tsakiyar makoki.