Sunan da Ke Bayan Tambaya

"...ta sauka, ta sauka! Tambaya, wai kana ina ne?"

Adama ce, yayarsa, take ƙwala kira daga bakin zaure, tsakar gida cike da mata da kwandunan tumatir. Hammadu direba ne ya dawo daga Kano yake cewa ya ji kukan jariri a ɗakin asibitin da aka shigar da Mairama, matar Tambaya. Ko na wace ce, bai sani ba, don ba a bar shi ya leƙa ba. Mata suka ɗauki guɗa. Shi kuwa gogan yana gindin rumbu yana ɗaurin kwando, ko kai bai ɗaga ba. Sau uku ana yi masa guɗar nan, sau uku yana haƙa ɗan rami a bayan gari. Cikin ukun ba wanda ya ko kama nono.

Shi Tambaya sai da Iya, mahaifiyarsu, ta zaga wajen masu magani har ta gaji kafin ta same shi, shi ya sa aka sa masa sunan. Shi kaɗai ne namiji a gidan. Babansu Ibrahimu Bamaguje ne, ya zama Kirista tun yana saurayi, ya watsar da tsafi kaf, amma abu ɗaya bai bari ba. Ranar shuka sai ya tsaya gindin gawon gonarsu ya jero kakanni da ka, kowa da abin da Allah ya fisshe shi. Wane fara ta cinye masa gona, ya rayu. Wane agana ta share gidansu, ta tsallake shi. A tsakiya akwai mace guda, Uwa, wadda ta goya ɗanta shekarar babbar yunwa ta yi ta tafiya har ta kawo shi ƙasar Bunkure. Sai Baba ya faɗi nasa sunan, ya dafa kan yaron ya ce Tambaya, sannan a sa iri a ƙasa.

Da aikin ruwan noman rani na gwamnati ya zo, katafila ta tuge gawon, aka baje gonaki aka sake rabo. Baba bai daɗe ba ya rasu. Tambaya ya koma noman rani, tumatir da albasa, ya ci gaba da jero sunayen a bakin kanal, maƙwabta Musulmi suna tsokanarsa wai tumatir ma sai an gaya masa asalin mai gona. Bayan rami na uku ya daina. In ya zo kan sunansa sai ya ji shiru ya biyo baya, shirun nan ne ya kasa ɗauka. Ran Kirsimeti da aka fara karanta wane ya haifi wane a coci, zamewa ya yi ya fita.

Adama ta tare shi a hanya ta yi masa faɗa, ta ce ko a karatun nan ai akwai waɗanda sai da suka tsufa tukuf Allah ya tuna da su, akwai gwauraye mata, akwai baƙi. Ya saurare ta har ta gama.

"Yaya, waɗannan don an samu na bayansu ne ake kiran su. Wanda bai bar kowa ba, wa ya taɓa jin sunansa?"



To da naƙudar nan ta huɗu ta yi tsawo, aka sa Mairama da Iya a gaban motar tumatir ta Hammadu, sai Kano. Tambaya bai bi su ba, wai ranar ban ruwansa ce. Kowa ya san tsoro ne.

Da guɗa ta lafa, Hammadu ya ƙara da cewa malamar asibiti ta yi alkawarin buga waya ofishin ruwa na Kadawa da la'asar. Adama ta fizge igiyar kwandon daga hannun ƙanenta, ta ce ko ya tuƙa keke ko ta ja shi a ƙasa. Ya goya ta. A ofis suka zauna kan benci cikin masu jiran taki, kowa na cewa Allah ya raba lafiya, shi yana kallon ƙafarsa da taɓon gona ya bushe a kai.

Wayar ta yi ƙara, akawu ya miƙo masa. Iya ce, ba ta taɓa riƙe waya ba, tana ihu kamar daga Kanon za ta jiyar da shi da bakinta. An yi wa Mairama aiki, tana da rai, amma likita ya ce ta gama haihuwa ke nan. Tambaya ya dafa tebur.

"Mace ce! Kana jina? Tun ɗazu take tsotso, ta ƙi sakin uwar!"

Ya ƙanƙame wayar a kunne har Iya ta fara tambayar malamar ko abin ya lalace ne. Adama ta dungure shi a kafaɗa.

"Ina ji, Iya," in ji shi. "A sa mata Uwa."